Ɗalibina Sanusi Ya Riƙe Mini Hannu

Laraba, bayan sallar Isha'i

Idanuna na yaji kamar an zuba musu yashi, amma sai na rubuta wannan. Sati uku ke nan ina zuwa koyon walda da yamma a shagon Sanusi na hanyar boda. Har yanzu uwargida dariya take yi mini, wai hedimasta ya yi ritaya ya rasa abin sha'awa sai tartsatsin wuta.

Yau wani manomi daga Magama ya kawo amalankensa, ƙarfen ƙasa ya tsage, ga gero na jiran kwasa a gona. Na karɓa da zumuɗi na liƙa. Sanusi ya buga guduma sau ɗaya, aikin ya ɓalle. Kunya ta rufe ni.

Ko murya bai ɗaga ba. Ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, kana sauri. Saurara ma ƙarar wutar. In ka ji kamar ana suyar ƙosai, to hannu ya zauna." Muka ja tare a hankali, ɗinkin ya fito sumul. Manomin ya tafi yana sa albarka.

Wannan Sanusin ne na sha zanewa a aji huɗu saboda lissafi, har na ce wa mahaifinsa yaron ba ya da kai. Allah Sarki. Da zan tafi na ce masa, "Ka yafe mini bulalar da."

Ya yi dariya ya ce, "Na yafe, Malam. Amma gobe in ka makara, akwai tsallen kwaɗo."