Hoton da Ya Lalace

Fadaman Mada, Bauchi
6 ga Maris, 2016

Zuwa ga Hamma Hammajoda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Fatu da jaririnmu Bakari. Yaya Fatakwal da aiki? Mu nan lafiya lau, sai kewarku.

Saƙonka ya iso, cewa ba za ka zo aikin idon Inna na ranar ashirin ga wata ba, wai zuwanka da rashinsa duk ɗaya ne a wurinta. Na san abin da ke cin ranka. Kai ne ɗan fari, shekara talatin da huɗu ba ta taɓa kiran sunanka ba, sai dai "na Fatakwal". Ka ce ka san kunya ce irin tamu ta Fulani, amma ranar da za ku koma bayan sunan Bakari ko leƙowa ba ta yi ba, kuma wannan a ganinka ya wuce kunya. To Hamma, ka yi kuskure, kuma ina da shaida.

Ka tuna kyamarar nan da kake tsokanata a kanta, kana cewa ta fi ni nauyi? Abu biyu take yi da nake alfahari da su. Ita ke nemo fuska da kanta ta saita. Kuma in na danne madanni ban saki ba, sai ta yi ta ɗauka a jere, shida cikin daƙiƙa ɗaya. Haka na yi ranar, kana tsaye a tsakar gida riƙe da Bakari, ka ba ɗakin Inna baya.

Jiya a shago ina share tarkacen hotunan da ke kan katin kyamarar, sai na ga ɗaya daga cikin na ranar ya lalace. Na farko da na biyu da na uku ka fito tangaran. A na huɗu kai da yaron duk kun yi dishi-dishi. Har na kai yatsa zan goge, ina yi wa kyamarar faɗa a raina, sai na duba inda ta kai hankalinta. Ashe wata fuska ta gani a bayanka ta bi. Inna ce, ta ɗaga gefen labule, ta zuba maka ido, bakinta a buɗe kaɗan kamar mai addu'a. A na biyar labulen ya riga ya koma.

Ni da nake tsaye ina fuskantar ƙofar ban gan ta ba. Na yi kuka a gaban kwamfuta, ba zan ɓoye maka ba. Ga shi nan na wanke na sa maka cikin ambulan. Ka duba da kyau, idon nan da ya kalle ka shi za a yi wa aiki. Na riga na sa an share maka ɗaki, don na san za ka zo.

Ka gaida Fatu, ka shafa mini kan yaro.

Ƙanwarka,
Habibatu

Fadaman Mada, Bauchi
2 ga Afrilu, 2016

Zuwa ga Hamma,

Assalamu alaikum. Da fatan ka isa gida lafiya, ya gajiyar hanya? Allah Ya saka da alheri da kwana biyar ɗin da ka yi a bakin ƙofar ɗakin asibiti. Ban ce na faɗa maka ba, amma ai na faɗa.

Na lura da fuskarka ranar da aka cire mata bandeji, ka shigo ta juya kai bango. Wannan karon murmushi ka yi, ni ma na yi.

Ido ya warke sarai, har tana tsince shinkafa da kanta. Shekaranjiya na yi ƙarfin hali na nuna mata hoton, ina jiran ta bi ni da muciya. Ta daɗe tana dubawa. Ko kallon fuskarta ba ta yi ba. Faɗa ta rufe ni da shi, wai wane irin aikin banza ne wannan, na Fatakwal ba ya ganuwa, an bar mutum an ɗauki labule. Ta ce in haka nake wa mutane aiki gara in rufe shago.

Sai na wanke mata na ukun, wanda ka fito sosai. Ta karɓa, ta ce in tafi in duba tukunya. Da safe ina gyara mata gado na tsince shi a ƙarƙashin matashi, naɗe cikin ɗankwalinta na zuwa Makka. Na mayar yadda yake, kada ka kuskura ka nuna ka sani.

Kowa yana gaishe ku. Allah Ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Habibatu