Muryarki Ba Ta Kaset Ba Ce, Lami

Ya ke Lami, uwar Jummai, inuwar gawo a tsakiyar rani, sanyin randa bayan doguwar tafiya, tsuntsuwar da ta koya wa gulbin Yamai waƙa! Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya gaji da yin sallama a ɗakin da babu mai amsawa.

A shekarar da aka buɗe gada, wadda masu fito suka wayi gari jiragensu na kwance a gaɓa babu mai hawa, a shekarar aka fara Wasan Bakin Gulbi. A shekarar kuma na san matar da na aura, bayan mun daɗe muna cin tuwo ɗaya. Isaka mai rubutun wasiƙu, da nake zaune gabansa a ƙofar gidan waya, ya ce in taƙaita. Na ce masa ni ban yi lakwal ba, makarantar boko ke nan, ban iya gajeren zance ba, ya rubuta yadda ya fito. Ko sunanki da ban taɓa kira gaban mutane ba, yau ga shi na faɗe shi a bakin titi.

Kin tuna? An gama yankan shinkafa a Saga. Ƴan lakwal na Maraɗi da Damagaram da Tawa, waɗanda ba su samu zuwa gida hutu ba, suka sauko da gita ɗaya da batirin mota, suka tarar da masu molo da masu goge a gindin mangwaro. Da fari sai harara. Marigayi Yakuba mai goge ya ce wannan abin nasu akuya ce aka rufe a gwangwani, su kuma suka ce gogensa sauro ne mai mura. Kafin la'asar sun haɗa kiɗa ɗaya, ba a san wanda ya fara bin wani ba. Masu zane suka rataye aikinsu a igiya kamar shanya, duk a bayan buhun siminti suka zana. Ni kuwa na bi masu sayar da katako a kasuwar Katako rumfa-rumfa, suka ba ni aro bisa sharaɗi guda: kada ƙusa ta taɓa musu kaya. Shi ya sa har yau da igiya nake ɗaure dandamalin wasan nan, in an watse in kwance, in mai da wa kowa katakonsa babu huji.

Sai aka ce wa zai buɗe taro? Yahaya ɗan Tawa, mai gitar, ya ce ya ji wata mata na waƙa a wurin sussuka. Ashe ke ce. Kika ce ke ba ki tsayawa gaban maza. Na ce to ki zauna a jirgi in tura ki tsakiyar ruwa, daga can babu mai ganin fuskarki. Wayyo Lami! Da kika ɗaga murya, ruwa ya ɗauke ta ya kai ta tsallake, masu wanki suka tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu, masu keke suka sauka a kan sabuwar gada suna leƙe. Ni da ke riƙe da gorar tuƙi na mance da aikina, jirgi ya yi ta juyawa da mu kamar ganye. Ina nake duk shekarun nan? Da ƙorama nake kwana ɗaki ɗaya, ni ina ce mai dafa mini tuwo ce kawai! Tun daga ranar ya zama doka: ba a taɓa ganga, ba a taɓa gita, sai murya ta taso daga ruwa.

Me wasan nan bai gani ba? Farin farko ya zo, makiyaya suka cika bayan gari babu ko ɗan akuya, muka yi wasa, su ma suka kawo nasu kiɗan da cikinsu wayam. Sojoji suka karɓi ƙasa, aka ce babu taro bayan magariba, muka mai da shi hantsi. Aka ce kowace waƙa sai an rera ta a buro, ofishin hukuma, an saurara tukuna, kika je kika zauna gaban wani mai kaki kika yi masa waƙar sussuka tun daga farko har ƙarshe, ya yi gyangyaɗi, kika tashe shi kika ce saura baiti biyu. Wata shekara aka hana baki ɗaya. Muka fita ni da ke kamar masu duba taru, kika yi waƙar ƙasa-ƙasa, mutane na jere a gaɓa kowa da ɗan tsummansa wai wanki ya zo. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba. A kaina yake, kan kuwa ya fara nauyi.

To, bara. Ba na son faɗa, amma ba zan kewaye ba. Muryarki ta tsinke a wurin nan da take hawa. Na ji. Amsa-kuwwar da suka ɗaure a bakin jirgi, wadda na ce kada a ɗaura, ta kai abin kunnen kowa, wasu samari suka yi dariya. Kika gyara mayafi, na mai da ke gaɓa. Da sati ya kewayo kika ce za ki Maraɗi wankan jegon Jummai. An yi suna, an yi arba'in, yanzu direbobi na gaya mini yaron har yana bin bango. Wane irin jego ne wannan, Lami? Wa ya taɓa jin jegon da ya cinye damina da rani?

Na gaji, hasken idona. Gulbi ya tsaya. Wallahi ya tsaya, ba zancen tsofaffi ba ne: a ƙarƙashin gada mutane ke ƙetarawa da takalmi a ƙafa. Shinkafar Saga ta ƙone a tsaye. Jar dawar taimako nake jiƙawa in sha ruwa da ita, ga azumi, ga zafin da ko ƙadangare ba ya fitowa. Duk wannan zan iya. Abin da ba zan iya ba shi ne wanda Yahaya ya zo mini da shi.

Yanzu Mushe Yahaya ne, yadda ake kiran manya da Faransanci, da teɓa da mota, shi ke riƙe da kwamitin wasa. Ya zo har gida, ya durƙusa ya gaishe ni, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ce Baba Bawa, babu ruwa, babu Inna Lami, amma muna da kaset ɗinta na shekarun da muryar take garau, mu saka shi a filin ƙwallo a buɗe taro a wuce wurin. Na ce Yahaya, na san ka tun wuyanka na kamar mariƙin ludayi. Yaushe rediyo ke wuni yana saka mawaƙi? Ba sai ranar da ya rasu ba? Matata da ranta, tana Maraɗi tana yi wa jika wasa, za ku tara jama'a ku yi mata zaman makoki da gita? Ya ce Baba, taurin kan nan zai kai ka ƙasa. Na ce ya daɗe yana riƙe da ni a tsaye. Na ce kuma in kun saka kaset, ku nemi mai ɗaure muku dandamali, don ƴan Katako ba su ba wanda ke yawo da guduma aro. Ya ce ya ba ni zuwa ƙaramar salla. In ba ki zo ba, kaset za su saka, da ni ko ba ni.

Ki dawo, ya ke ruwan farko a kan busasshiyar gona, ya ke ƙanshin ƙasa bayan yayyafi! Ki dawo da muryar nan yadda take. Tsinkakkiyar nake so. Wa zai tsaya a gaɓa bana wanda bai tsinke a wani wuri ba? Wanda ya binne shanunsa? Wadda ta bar garinsu da tabarma ɗaya? Matar cikin kaset ba ta san bana ba, ba ta ci jar dawa ba, ba ta ga gulbi tsirara ba. Me za ta gaya musu? Ke ce za ki buɗe baki su ji nasu. Amsa-kuwwa kuwa da hannuna zan kwance ta in miƙa wa mai ita. In kin zo murya ta ƙi, ki zauna shiru in tura ki, su gan ki da ranki, ni hakan ma ya ishe ni. Samarin da suka yi dariya fa? Su zo. Na tsufa, amma gorar hannuna ba ta tsufa ba.

Ban taɓa tura wata mace tsakiyar ruwa ba, ba kuwa zan tura ba har a tura ni ƙasa. Tabarmarki na nan a naɗe inda kika jingine ta, ban matsar da ita ko don shara ba.

Na san abin da za ki ce, har ina jin tsakinki daga nan: wane jirgi, tsohon nan, a kan wane ruwa? Masunta sun ce akwai gurbi mai zurfi wajen Tondibia, a gindin duwatsu, inda dorina ke kwanciya a da. Wasu sun ce shi ma ya tafi. Ban yarda da kowa ba sai na gani. Gobe in Allah ya kai mu, ina sallame asuba zan ɗauki gorata in bi tsakiyar gulbin da ƙafa har can, in shiga ruwan da kaina. In ya kawo mini ƙugu, zai ɗauki jirgi da tsofaffi biyu marasa nauyi.

Naki har numfashi ya ƙare,
Bawa kafinta, Saga