Jego Ba Kanwa

Asabar, 5 ga Yuli, 2025

Yau aka sallamo Nabiha daga asibiti, kwana biyu da haihuwa. Namiji, Allah Ya raya. Gida ta dawo wanka kamar yadda yayyenta suka yi. Ita ce autata, wannan kuma haihuwarta ta fari. Tun cikin yana wata bakwai na tanadi gero, na aika Hotoro wajen Yaya Tani ta samo min kanwa ungurnu mai kyau, na daka yaji kwano guda da hannuna.

Ko zama ba su gama yi ba mijinta Abdulbaƙi ya miƙa mata takarda, ita kuma ta shiga kicin ɗina ta manna a jikin firji. Da manya-manyan baƙaƙe, irin waɗanda aka fara koya mana da su a ajin matan aure na Giginyu. BA GISHIRI. BA DUNƘULE. BA KANWA. Wai jininta ya hau wajen haihuwa, likita ta ce zuciyarta na son hutu.

Na ce, "Ƙananan ma ai na iya karantawa."

Ta ce, "Umma, ba don ke ba ne, don kowa ya gani."

Wane kowa? Wa ke ɗora tukunya a gidan nan in ba ni ba?

Lahadi, 6 ga Yuli

Farfesun kaza ba gishiri. Ruwan wankin kaza dai. Cokali uku ta sha ta ture.

Talata, 8 ga Yuli

Yaron kuka yake, nono bai kawo sosai ba. Ita kuma ta yi zuru-zuru, wuya duk ƙashi. Yaya Tani ta kira ni a waya ta ce, "Uwa, kina da hankali kuwa? Jego ba kunun kanwa? Sanyi zai shige ta, ke za a zaga ba likita ba."

Bakwai na haifa. Duk bakwai ɗin da kunun kanwa na tashi, ga ni nan ina hawa bene da ƙafata. Don na koyi riƙe biro ina da shekara arba'in da shida, shi ke nan duk abin da na sani kafin biron ya zama shirme?

Alhamis, 10 ga Yuli

Suna. Yaro ya ci suna Ja'afaru. Angona baƙi ne siɗik, na ce ban so, a mayar. An yi dariya.

Na dama wa baƙi kunun kanwa babbar roba, mai jego tana gefe da kofin kunun gyaɗa kamar marainiya. Wata daga dangin mijin ta kalle ta ta ce, "Ikon Allah, a gaban uwarta ta rame haka?" Ba da ni take ba wai. Na ji dai.

Asabar, 12 ga Yuli

Na yi. A nan kaɗai zan faɗa.

Na jiƙa kanwa, na tace ruwan a kwalba, na ɓoye bayan garwar manja. Cokali ɗaya a miyar kuɓewa, da ɗan gishiri a bakin yatsu. Miya ta yi yauƙi, ta yi kore shar. Malmala biyu ta tashi da ita.

"Umma, yau kam miyar nan! Me kika sa?"

"Daddawa."

Ba ƙarya na yi ba, akwai daddawa a ciki.

Talata, 15 ga Yuli

Nono ya kawo har yana jiƙa riga. Angona ya yi shiru. Kullum cokali ɗaya, wani lokacin biyu in wake ne. Takarda tana nan a firji, ina wucewa ina kallonta tana kallona.

Juma'a, 18 ga Yuli

Silifas ɗinta ya ƙi shiga. Na danna ƙaurinta da yatsa, wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba. Ta ce in ta kwanta kamar an ɗora mata buhu a ƙirji, sai ta jera filo uku.

Sanyi ne. Abin da Yaya Tani ta faɗa ke nan. Na ƙara yawan ruwan kwalbar don ya kore shi. Amma tun safe sau biyu ina ƙona albasa.

Litinin, 21 ga Yuli



Da hantsi ta fito daga wanka ta kasa kaiwa gado. Numfashi sama-sama, leɓe ya canza. Na fita ba mayafi na buga get ɗin Sista Tamar, maƙwabciyarmu 'yar Wusasa da ta yi ritaya daga aikin jinya. Kallo ɗaya ta yi mata ta ce a fito da mota.

An sa mata abin numfashi a hanci. Likitar yarinya ce, ba za ta girmi Nabiha da yawa ba. Ta ce ruwa ya taru, zuciya ta gaza tura shi. Ta tambaya, "An kiyaye abincin? Gishiri, kanwa?"

Nabiha ta janye abin hancin, da ƙyar take magana, ta ce, "Ummata ke dafa min. Ko ƙwaya ba ta sawa."

Ina tsaye riƙe da jariri. Na bar likita ta rubuta haka. Na dawo gida da maganar a cikina.

Talata, 22 ga Yuli

Na sa kwalbar a jaka na tafi da ita. A barandar asibiti na nuna wa Sista Tamar. Ta buɗe, ta shinshina, ta rufe.

"Hajiya, ni za ki faɗa wa? Ni ba ni ke rubuta magani ba."

Na faɗa wa likita a gaban kowa. Na shirya ta yi min faɗa in rama, sai cewa ta yi, "Mama, gara da kika faɗa. Zuciyar da ma ta raunana, kanwa da gishiri kuma ruwa suke riƙewa a jiki." Shi ke nan. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Abdulbaƙi ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, idonsa a kan takalminsa. Alhaji, maigidana, ya ce, "Kin kyauta," ya fita. Nabiha ta juya fuska bango.

Ai don ta ci abinci na yi. Don ta ci! Wa a cikinsu ya tsaya ya ga tana ture kwano?

Asabar, 26 ga Yuli

An sallame ta. Mijin ya so ya wuce da ita gidansa, Alhaji ya roƙa a bari ta cika arba'in. Ya yarda, da sharaɗi: abincinta daga gidan mahaifiyarsa za a riƙa kawowa.

A kula. Cikin gidana. Direba ya shigo da kula ya wuce ta ƙofar kicin ɗina, sau uku a rana, duk layin nan na gani.

Litinin, 28 ga Yuli

Na buɗe kular da aka fito da ita. Farar shinkafa, dafaffen kabeji, kifi fari fat kamar an wanke shi da sabulu. Ko rabi ba ta ci ba. Wannan ne abincin masu ilimi? Haka za su ƙarasa min ita da yunwa, kuma ba wanda zai ce musu kun kyauta.

Laraba, 30 ga Yuli

Na je wajen Sista Tamar, ba don neman shawara ba, kwanonta na mayar. Na tarar tana gasa tattasai a kan wuta. Ashe mijinta shekara tara ba ya cin gishiri.

Ta ce, "Ke da kika aurar da 'ya'ya bakwai da girkinki, gishiri ne kawai dabararki?"

Na ce ba na son raini. Ta ce to in zauna.

Abin da na gani, na rubuta don kar in manta, ba don ta fi ni ba. Albasa da yawa, a soya a hankali sai ta yi ja ta yi zaƙi. Tattasai da tumatir a gasa kafin a markaɗa. Citta, tafarnuwa, masoro, a daka sabo, ba na kwalba ba. Lemon tsami sai an sauke. Daddawa a tambayi mai yi ko ta sa gishiri. Wake a jiƙa tun jiya, zai nuna ba kanwa. Kuɓewa ɗanya a goga ta da laushi, a buga, kar a rufe tukunya, za ta yi yauƙi da kanta.

Wannan na ƙarshen ban yarda ba.

Alhamis, 31 ga Yuli

Ta yi yauƙin. Abin haushi.

Asabar, 2 ga Agusta

A kan Alhaji nake gwadawa. Ya kai loma ya ce, "Ni kuma me na yi? Ni na haihu?" Na ce duk gidan nan jego muke, wanda bai so ya bi direba gidan kula. Ya cinye dai, har da suɗe hannu, yana mita.

Kullum ina zuba na Nabiha a ƙaramin kwano in ajiye kusa da kular. Kullum yana dawowa yadda na kai shi, murfin ma ba a ɗaga ba.

Talata, 5 ga Agusta

Yau na kasa haƙuri. Na ce, "In fushi kike ki faɗa min, kin bar ni ina dafa wa kwandon shara."

Ta ce, "Umma, ba fushi nake ba. Ƙamshin har ɗaki yake zuwar min, yawuna tsinkewa yake. Tsoro nake ji. Rannan ma da na tambaye ki, daddawa kika ce."

Na fito. Na wanke tukwanen da na riga na wanke.

'Yar da na tauna wa abinci na sa mata a baki.

Laraba, 6 ga Agusta

Ban yi rubutu da yawa ba yau. Aiki na yi. Na kwashe gishiri, dunƙule, ragowar kanwa, har yajin da na daka don akwai gishiri a ciki, na kai sito na kulle. Na share kantar tsakiyar kicin, wadda tun da aka gyara gidan nake cewa ba ta da amfani sai tare hanya. Na jawo kujera mai hannu daga falo na ajiye a gabanta.

Alhamis, 7 ga Agusta

Na ba Nabiha makullin sito a hannu. Na ce, "Taso ki zauna. Ba sai kin ci ba. Kallo za ki yi."

Ta zo da angona a kafaɗa. Na jera komai a kan kantar a gabanta, ko ruwa daga famfo na tara tana gani. Duk abin da zan jefa a tukunya sai na ɗaga na faɗi sunansa, kamar ina gaban alƙali. Raina a ɓace yake, na faɗa da ƙarfi. "Albasa! Citta! Zogale, daga bishiyar bayan ɗakinki!"

Ta ce, "Umma, a hankali, za ki tashe shi."

Faten wake da zogale da gasasshen tattasai. Na matsa lemo, na zuba, na juya baya ina goge gas ɗin da ba abin da ya zuba a kai.

Na ji ƙarar cokali. Na daɗe ina jinta. Sannan ta ce, "Akwai saura?"

Na ce tukunya ai ga ta nan, ba ni na haifa mata hannu ba?

Asabar, 9 ga Agusta

Kula ta koma yau ba a buɗe ba. Na zuba wa direba faten ya kai wa Hajiyarsu. Ba da wata manufa ba.

Talata, 12 ga Agusta

Arba'in. Likita ta ce ruwan ya sauka, amma magani da kiyaye abinci sai nan da wata shida, wataƙila fiye.

Yaya Tani ta zo da tuwo da miyar kuka, da ƙullin kanwa a leda. Ta ja ni gefe ta ce, "Ki sa mata a kaya, in ta koma ta riƙa ɗan jiƙawa. 'Yan boko ba sa gane komai." Na karɓa na yi godiya. Yayata ce.

Alhamis, 14 ga Agusta

Sun tafi da safe. Gidan ya yi faɗi.

Na cika shafi huɗu da hannuna, duk abin da muka dafa a makon nan da yadda ake yi, na sa mata a jakar kayan jariri. A saman shafin farko na rubuta abu uku da manyan baƙaƙe. Ba don ita ba, don kowa ya gani. Abdulbaƙi ya karanta a tsaye, ya ce, "Umma, rubutunki ya fi nawa kyau." Ƙarya yake, amma ya kalle ni da ya faɗa.

Ban ce likita ta fi uwata sani ba. Ban ce ba, kuma ba zan ce ba.

Kanwar Yaya Tani na jiƙa ta a tukunyar da ta kama, ta fitar da ƙanzon tas. Takarda tana nan a firji, gam ɗin ne ya kama sosai, in na ja zai ɓata fenti.

Na ɗumama ragowar miyar Yaya da rana. Loma biyu na yi. Gishiri ya yi mata yawa.