Na Ji Busarka a Shagon Lasifika

Zuwa ga ƙanena Sagiru, a duk inda rana ta same ka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta jini ɗaya, ina rubuto maka a bainar jama'a, domin ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba.

Jiya na shiga kasuwar Liwan, a nan ƙasar waje da muke fatauci, sarin lasifikoki. Ka san ƙa'idarmu: ba a ɗaure kwali sai kunne ya shaida. Mai shagon ya saka faifan kiɗan jaz na gwaji. Waƙoƙin soyayyar nan ne da ke tashi a kowace tasi, an cire musu baiti, an miƙa su ga makaɗa wajen ashirin, ƙahoni na amsa wa ƙahoni kamar hadari na kiran hadari.

A waƙa ta huɗu duk suka lafa, ƙaho ɗaya ya miƙe shi kaɗai. Ya ja sauti, ya karya shi sau biyu a ƙarshe, daidai yadda kake fito in kana kiran tattabarunka a gidanmu na Fagge. Na zauna a kan kwalin mutane.

Na karɓi bangon faifan. A hoton makaɗan, sahu na biyu, na uku daga dama: baƙar kwat, furfura a gemu, da tabon nan na girarka. Faifan bana ne, Sagiru. Bana! Ni kuwa shekara tara ina sa sunanka cikin mamata.

Na binne mai rai da bakina,
Ga shi yana busa a kunnena.

Na tuna ranar da na tarar da wani ƙahon busa a ƙarƙashin gadonka a masaukinmu na nan unguwar Dengfeng. Na ce cinikin takalma na kawo ka ka koya, ba busa ba, na kai shi bola. Gari ya waye babu kai. Na bi asibitoci da ofisoshin 'yan sanda har ƙafata ta gaji, na koma Kano na ce a yi haƙuri. Inna ta hana a shimfiɗa tabarmar makoki. "Ban ji a jikina ba," abin da take faɗa ke nan har yau.

Ban taɓa gaya mata zancen bolar ba. Yau bayan la'asar, hantsi ke nan a wurinta, zan kira ta, in fara da laifina kafin albishir. Na san za ta tambaye ni yaushe za ka zo. Ɗan'uwana, me zan ce mata?

Allah ya kai wannan wasiƙa idonka, ya sanyaya zuciyarka, ya ara wa Inna kwana har ta amsa sallamarka.

Yayanka mai neman gafara,
Habibu