Ƙwayayen Fitilar Birki

Litinin, 3 ga Maris

An buge mini mota. Daga baya, a danjar gaban asibiti, ina hanyar kai Baba wankin ƙoda. Motar raba burodi ce ta buge ni. But ɗin motata ya lotse, bamba a ƙasa, murafen fitilun baya sun tarwatse. Baba lafiya, alhamdu lillahi.

Direban dattijo ne, da furfurarsa. "Malama, wallahi ban ga kin taka birki ba." Na ce idonsa ne ya tafi kiwo. Na wanke shi tas a gaban jama'a. Ɗan sanda ya ce doka a fili take, wanda ya buga daga baya shi ne mai laifi. Da aka duba takardunsa, inshorarsa ta ƙare wata bakwai ke nan.

Baba bai ce uffan ba. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙin babbar mota, wanda ko kwana na sha sai ya gyara mini.

Talata, 4 ga Maris

Ofishin inshora. Tawa wai tana biyan wanda na buga ne kawai. "Sai dai ki bi shi da kanki." Makanike ya yanka kuɗin gyara: albashina na wata biyu da rabi.

Yaya a waya: "Kotu! Kada ki raga masa." Yaya gwanin ba da umarni daga nesa. Bai taɓa ciccibar Baba ya sa a mota ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Mai burodi ya zo gida, mun yi yarjejeniya. Biya huɗu, duk bayan mako biyu, ranar Asabar. Da hannuna na rubuta. Malamar lissafi ce ni, ba a cin sisina.

Ya tarar mun dawo daga asibiti a motar haya, Baba ya yi amai a hanya, direban yana ta mita. Sai dattijon ya ce yana gama raba burodi ƙarfe goma, zai riƙa kai Baba Litinin da Alhamis har motata ta fito. Na ce kada ya ɗauka zan rage masa wani abu.

"Ban ce ba, Malama."

Na yarda don ba ni da zaɓi. Shugaban makaranta ya fara ɗaure fuska kan fitar da nake yi.

Asabar, 8 ga Maris

Makanike ya kira ni gareji. Ya juye mini ƙwayayen fitila biyu a tafin hannu. Ba su fashe ba, amma cikinsu baƙi ƙirin.

"Na birki ne. Waɗannan sun daɗe da mutuwa, Malama. Ba jiya ba, ba shekaranjiya ba."

Ya ce shi dai gyara ne nasa.

Na sani. Tun Disamba na sani. Baba ya dogara sandarsa ya tsaya bayan mota, ya ce in taka. "Uwata, ba su kama ba." Sau uku yana tuna mini, sau uku ina cewa sai ƙarshen wata.

Na jefa su cikin jaka, a aljihun da nake sa alli.

To amma ai ya matso ni da yawa. Kuma ni na hana shi sabunta inshora?

Asabar, 15 ga Maris

Biya na farko. Ƙananan takardu, duk ƙanshin burodi. Na ƙirga sau biyu a gabansa. Ban san me ya sa na yi haka ba.

Alhamis, 20 ga Maris

Na dawo daga makaranta na same su a ƙofar gida, ba su ma fito daga motar ba. Baba yana ba shi labarin ranar da birki ya tsinke masa a gangare da lodin siminti, suna ta ƙyaƙyata dariya. Rabon da in ji dariyar Baba tun rasuwar Mama.

Wai "ƙanena" yake kiransa yanzu. Ni da nake wanke masa ƙafa, daga "to" sai "sannu". Na ji haushi, ba zan ɓoye ba.

Litinin, 31 ga Maris

Agogon Baba ba ya hannunsa. Wanda kamfani ya ba shi ranar da ya ajiye aiki, wanda ko wanka zai shiga sai ya ɗora shi inda zai gan shi. Na tambaya. "Yana hannu mai kyau," in ji shi.

Ina shafa masa mai a ƙafa ya ce ƙanensa ya sayar da tayar ko-ta-kwana da rediyon motar ya cika biya na biyu. "Direba a hanya babu taya, Uwata." Sai ya zuba mini ido. "Ba abin da kike son faɗa mini?"

Na ce akwai takardun jarrabawa da zan duba. Na tashi, man bai ma gama shiga ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Biya na uku. Hannuna yana cikin jaka, ina taɓa ƙwayayen. Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Saura ɗaya."

Idan na faɗa, da me zan mayar? Kuɗin duk suna wurin makanike. Sannan da wane ido zan dubi mutumin da na zaga a titi?

Alhamis, 17 ga Afrilu

An kwantar da Baba. Likita ya ce zuciyar ta gaji. Babu keken marasa lafiya a ƙofa, mai burodi ne ya goya shi har gado. Baba ya zama ba nauyi.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Baba ya rasu da hantsi.

Laraba, 23 ga Afrilu

Gida cike da masu gaisuwa, amma kujerarsa ba wanda ya iya zama a kai. Yaya ya iso, ya yi kuka sosai. Da la'asar ya tambaye ni ko mutumin nan ya gama biya. Mutumin nan yana zaune a bakin ƙofa tun safe, kullum haka, ya kawo burodi ya zauna.

Na birkice ɗakin Baba ina neman agogon. Babu. Sai sandarsa a jingine bayan ƙofa. Na rungume ta na yi kukan da ban yi ba ranar Lahadi.

Asabar, 26 ga Afrilu

Ya zo da biya na huɗu, a ranarsa, ko kwana ɗaya bai ƙara ba. Ya ajiye ambulan a tebur. Na zazzage jakata, ƙwayayen suka gangara kusa da ambulan, duk farin alli.

Na faɗa masa. Duka. Disamba, sau ukun, makanike. Na ce gaskiya ya faɗa ranar nan, babu fitilar da zai gani. Ban iya ɗaga kai ba.

Sai ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da hankici a ƙulle. Agogon Baba.

"Tun tafiyarmu ta uku ya gaya mini, Malama."

Wai Baba ya roƙe shi kada ya nuna mini ya sani. Ya ba shi agogon jingina, ya ce, "'Yata tana da jinkiri, amma ba ta cin haƙƙin mutum. Ranar da ta faɗa da bakinta, ka ba ta. In ba ta faɗa ba, ka sayar ka sayi taya."

Na ce me ya sa ya ci gaba da biya? Ya ce shi ma ai bai da gaskiya duka, ya matso, kuma ba inshora. "Sannan yayana, Babanki, ya ce za ki faɗa. Duk Alhamis sai ya tambaye ni, ta faɗa? In ce tukuna. Ya ce saura kaɗan."

Duk Alhamis. Har wadda aka goya shi.

Kwana shida kawai, Baba. Da na yi sauri da kwana shida.

Asabar, 3 ga Mayu

Mota ta fito. Fenti sabo, kamar ba abin da ya faru.

Na mayar masa da ambulan ɗin nan. Sauran na ce zan mayar duka, ya ce rabi da rabi ko ya tashi. Mun yi ta ja, ya fi ni taurin kai. Ban rubuta komai ba wannan karon. Na dai sa shi a gaba sai da muka je ya sabunta inshora, muka biya ta wurin mai taya.

Agogon ya yi mini yawa, sai da aka ƙara huda a maɗaurin.

Da zai tafi na ce ya ɗan tsaya mini a bayan mota, tunda mutum ba ya ganin fitilar bayansa. Ba don komai ba, makanike ne ban yarda da shi ba. Ya tsaya daidai inda Baba yake tsayawa. Na taka. Na leƙa ta taga.

"Baffa, sun kama?"

Ban shirya kiransa haka ba, fitowa kawai ya yi. Ya goge ido da hannun riga.

"Sun kama, Uwata. Duka biyun."