Ambulan da ya dawo da ƙamshin Inna

Anti, don Allah ki agaza min, tun jiya na kasa zama wuri ɗaya. Ranar Litinin ambulan da na aika wa ƙanena gidan yari ya dawo da jan hatimi a bayansa. Na zauna gaban keken ɗinkina ina kuka, na ɗauka fushi ya yi da mu. Sai maƙwabciyata ta karanta min 'yar takardar da suka maƙala, wai ba sa karɓar wasiƙa mai ƙamshi ko tabo. Ashe turaren Inna da na ɗiga a gefe ne ya jawo.

To jiya sai ga tasa wasiƙar, ta farko cikin wata biyar! Rubutun nan nasa kamar tonon kaza, na karanta ya fi sau bakwai. Ya ce lafiyarsa ƙalau, har yana tsokanata wai ko na daina ɗinka hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ya ce ana barin a aika musu hoto biyar. Na baje hotuna kan gado, ga 'yarsa da aka haifa bayan an kama shi, ga matarsa, ga babur ɗinsa da na lulluɓe.

Amma wanda ya fi roƙo shi ne na Inna riƙe da jaririyar. Anti, Inna ta rasu wata biyu ke nan, ba mu faɗa masa ba. Hoton yana nan, kwana uku kafin ta cika aka ɗauka, tana dariya. Matarsa ta ce a aika a yi shiru har a gama shari'a. Na zaɓi hotuna, na sayi ambulan, wasiƙar ce na kasa rubutawa.

Yayar mai babur

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan Inna, kuma na taya ki murnar samun wasiƙarsa. Matarsa ba ta yi laifi ba, tsoron halin da zai shiga shi kaɗai take ji. Sai dai hoton nan in ya tafi babu bayani, ya zama ƙarya, kuma ranar da ya gane zai daina yarda da wasiƙunku, alhali su ne kawai abin da yake da shi.

Kada kuma ya tsinci rasuwar uwa a takarda. Ki nemi ranar ziyara, ku je ke da matarsa ku faɗa masa baki da baki. In ba hali, ki roƙi lauyansa ko malamin da ke shiga wurinsu ya zauna da shi.

A yanzu ki aika hotuna huɗu. Farar takarda, biro, cikakken sunansa da lambarsa ta gidan yari, adireshinki a baya, ba turare. Ki rama tsokanar hannun riga. Na biyar ki ajiye sai ya sani, sannan ki rubuta a bayansa cewa Inna ta ga 'yarsa, ta yi dariya. Allah ya fito da shi lafiya. Ziyarar ce ta rage muku.