Ƙwallon Dabino a Finjalin Baba Lurwanu

Alhamis, 5 ga Rajab 1362

Zaman gahawa a gidan Ja'afaru, nan unguwarmu ta Jarwal kusa da Harami, bayan la'asar. Mu shida kamar kullum. Ya dafa mana ta Harar, mai ɗan tsamin lemo a ƙarshe, ga ƙauri kaɗan. Ni na ji wannan duka, amma wa ya tambaye ni? Finjalin farko na Baba Lurwanu ne, kuma ba mai buɗe baki sai ya yanke hukunci. Ya kurɓa, ya lumshe ido, ya ce, "Tayyib." Shi ke nan, kowa ya hau gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Shekara goma sha ɗaya ina bin tsohon nan shagon attajiri ɗan Hadramaut, inda yake ɗanɗana kowane buhun gahawa kafin a saya. Da harshen nan yake ciyar da gidansa. Shi ya koya mini, ban musa ba. Amma tun zazzaɓin bara na tabbata harshen ya mutu, sai suna. Kujerar nan tawa ce.

Asabar, 7 ga Rajab

Zama na gaba a gidana ne. Na sa matata Hadijatu ta tara mini ƙwallon dabino. Ta ce me zan yi da abincin awaki? Na ce ba ruwanki.

Laraba, 11 ga Rajab

Na soya, na daka, na cika shi da hel, ɗan kayan ƙamshin nan na gahawa. Launi ya yi, ƙamshi ya yi. Na gayyaci attajirin.

Alhamis, 12 ga Rajab

Wallahi na ji daɗi yau, ba zan ɓoye wa takarda ba.

Na ce ta Bani Matar ce, daga duwatsun Yaman, na samu da kyar saboda yaƙi. Na zuba wa Baba Lurwanu finjalin farko. Ya kurɓa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya dubi tabarmata da ta yage. Ya ce, "Ma sha Allah, Dawuda. Ka karrama baƙinka." Har ya miƙo na ƙara masa.

Sai na jawo kwanon sauran ƙwallon na zazzage a tsakar tabarma. Ja'afaru ya yi dariya har gahawa ta fito masa ta hanci. Attajirin bai yi dariya ba, ya ce wa tsohon, "Khalas, ya ammi, aiki ya ƙare, ka huta." Tsohon ya girgiza finjalinsa alamar ya ƙoshi, ya laluba takalmansa. Ɗaya ya shige ƙarƙashin tabarma, yana ta nema a durƙushe. Ina ganinsa, ban nuna masa ba.

Litinin, 16 ga Rajab

Na fara aiki a shagon. Na mayar da buhu biyu na gahawar Haraz, sun sha danshin jirgi. Haka ake aiki.

Juma'a, 27 ga Rajab

Na hango Baba Lurwanu a hanyar Harami yana sayar da asuwaki a kan tsumma. Ya dace da shi, asuwaki ba ya buƙatar harshe.

Lahadi, 29 ga Rajab

Matarsa, Inna Ummulkhairi, ta tare ni a bakin lungu. Ba gaisuwa. Ta ce, "Tun kurɓar farko ya san dabino ne. Ya zaci yaƙi ne ya taɓa ka, ba ka da abin ba baƙi, ga attajiri a zaune. Rufa maka asiri ya yi, ɗan nan."

Ƙarya ce. Sai da aka kwana goma sha bakwai sannan suka ƙirƙiro ta.

Talata, 1 ga Sha'aban

Zan kashe maganar nan. Na haɗa kashi biyu na Harar da kashi ɗaya na Haraz, na soya, na daka. Na ba wata mai tallan ƙosai ta kai gidansa, ta ce sadaka ce daga wani alhaji. Mu ga mataccen harshe.

Laraba, 2 ga Sha'aban

Ƙullin ya dawo, an ɗebi cokali guda kawai. Mai ƙosan ta ce tsohon ya ce ta faɗa mini haka, kada ta rage komai: "Harar biyu, Haraz ɗaya. Wanda ya soya ya cika wuta, kuma ya sauke da gaggawa. Shekara goma sha ɗaya ina hana shi."

Na tambaye ta ko ita ta faɗi sunana. Ta rantse ba ta faɗa ba.

Alhamis, 3 ga Sha'aban

Zama a gidan Ja'afaru. Ta Yaman ce ta gaske. Ya miƙo mini finjalin farko, duk suna jiran hukuncina. Na ce azumin nafila nake yi. Alhali sun ga na sha ruwa da na shigo.

Na biya ta hanyar Harami. Na sayi asuwaki ɗaya a wurin tsohon, ina buƙata ne kawai. Ya zaɓar mini mai kyau, ya ce, "Allah ya yi albarka, Dawuda." Bai ɗaga kai ba.

Gobe ma sai na bi ta can, ta fi kusa.